Wa Zai Gaji Kotson Maradun?

Bakura, Talata Mafara da Maradun ƙananan hukumomi uku ne maƙwabtan juna a yammacin Zamfara. Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, cikin gwamnoni biyar da jihar ta yi, uku daga nan suka fito: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan mulkin jiha ya yi a hannun 'ya'yan wannan yanki. Amma je ka Maraɗi, ko Damagaram, ko zangon Kumasi, ka ambaci Maradun a gaban dattijo. Sunan da zai fara fitowa bakinsa shi ne Ɗanƙwairo.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, a Maradun ya yi suna, ya rasu a 1991. Gadon kiɗa ya yi wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya daɗe yana yi wa wansa Kurna amshi kafin ya ja nasa ayarin. Waƙoƙin da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da 'Yandoton Tsafe har gobe ana sa su a rediyo, ana kuma rubuta kundayen digiri a kansu. Sa'idu Faru, wanda ya rasu a 1987, daga garin Faru yake cikin ƙasar Maradun, kuma cikin fitattun waƙoƙinsa akwai waɗanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo lokacin yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ka ɗan faɗaɗa da'irar, sai ga Salihu Jankiɗi na Rawayya, ga Kassu Zurmi makaɗin farauta, ga Narambaɗa na Tubali da ya yi wa Sarkin Gobir na Isa hidima. Da wuya a sami wani yanki na ƙasar Hausa da ya tara manyan makaɗan baka kamar wannan kwari na gulbin Sakkwato da kewayensa.

Damuwata ita ce yaron da ke aji huɗu na firamare a Maradun yau. Muryar Ɗanƙwairo tana cikin wayar babansa. In ya yi sha'awar ya iya abin da ya ji, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa, kuma a wace rana ta shekara garinsu ke taruwa ya saurare shi? Ina ganin lokaci ya yi da garuruwan nan za su ɗauki wannan aiki da hannunsu, su sa masa rana da wuri da masu kula, su daina jiran fada ko gwamnati su riƙe musu shi.

Sai an san yadda fasahar ta rayu a da kafin a gane abin da ya karye. Kotso ganga ce ta ice mai ƙugu a tsakiya kamar kalangu, sai dai baki ɗaya ake rufe mata da fata, ɗayan a buɗe yake. Ba a sa mata makaɗi, da yatsu ake buga ta. A tsakiyar fatar ana liƙa nake, shi ke ba ta wannan murya mai zurfi, mai kiɗa kuwa yana rataye da ita yana matsa tsarkiya yana saki, sautin na hawa yana sauka yana bin maganar jagora. Wanda ya saurari Ɗanƙwairo da kunnen basira zai lura cewa rabin daɗin waƙar a bakin 'yan amshi yake. Jagora ya jefa rabin magana, su cafe su ƙarasa, wani sashe ya miƙa wa wani, su haɗu a gindin waƙa daidai lokacin da kiɗa ya dawo. Wannan ba a koyon sa daga faifai. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da shanya fata, ya shekara yana zaune a bayan manya yana motsa baki, kafin a ba shi ƙaramar ganga, kafin wata rana a bar shi ya ƙara ɗiya guda a waƙa. Gidan makaɗi shi ne makarantar, fada kuma ita ce ke ciyar da makarantar: riguna, doki, hatsi bayan kaka, gona, wani lokaci kujerar Makka.

Duka biyun sun raunana. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa raba sarakuna da baitulmali. Sarkin da ke jiran albashi ba zai iya riƙe ayarin mutum goma sha da iyalansu ba. Kuɗin ya koma hannun 'yan siyasa, su kuwa waƙar da suke buƙata ta wata shida ce kafin zaɓe, kuma mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta a situdiyo zai gama musu ita a dare guda. Jikokin makaɗa da yawa sun yi boko ko sun kama kasuwa, kuma ba na ganin laifinsu, domin al'ummar da ke rausayawa da waƙar kakansu ita ce ke ce musu 'ya'yan maroƙa ranar neman aure.

A kan wannan rauni rashin tsaro ya zo ya zauna. Kowa ya tuna ranar 26 ga Fabrairu 2021 da aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara, aka sako 279 bayan kwana huɗu. A watan Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. A watan Satumba aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. Mutane sun fi lissafa asarar rayuka da dukiya, kuma haka ya dace. Amma akwai asarar da ba ta shiga lissafi: dandalin da 'yan mata ke gaɗa da farin wata, gayyar noma da ganga ke tashin samari, damben kaka, tashen yara a goma ga azumi, tatsuniyar da kaka ke yi a tsakar gida. Ƙauyen da ya watse ya koma kangon makaranta a cikin gari, da waƙoƙin dakansa da kirarin manomansa ya watse. Yaran da aka haifa a gudun hijira suna tasowa ba su taɓa jin an kira sunan garinsu a cikin waƙa ba.

A nan ne nake so mu leƙa wasu mutane na nesa, waɗanda addininsu da abincinsu da harshensu duk ba namu ba ne, amma sun sha fama da tambaya irin tamu. Mutanen da asalinsu ya fito daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, waɗanda ake kira Latino, sun haura miliyan 60 a Amurka bisa ƙidayar 2020. Gwamnatin ƙasar ta ware musu mako guda na tunawa da al'adunsu a 1968, aka mayar da shi wata guda a 1988, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. Wannan shi ne ɓangaren da ake gani a talabijin, kuma shi ne mafi ƙarancin abin koyi. Ainihin aikin a unguwanni aka yi shi, da hannun mutanen da ba su jira doka ba.

A 1965 leburorin gonakin inabi a Delano ta jihar Kalifoniya suka shiga yajin aiki. Wani saurayi mai suna Luis Valdez ya tara wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta manoma, El Teatro Campesino. Dandalinsu bayan motar ɗaukar kaya ne a bakin gona. Ba su da kayan ado, sai kowa ya rataya kwali a wuya an rubuta ko shi wane ne: wannan mai gona, wannan ɗan kwangila, wannan mai karya yajin aiki. Masu wasan su ne masu tsinkar inabin, masu kallon ma su ne. A farkon shekarun 1970 kuma, a gabashin Los Anjeles, wata mai hidimar coci, Karen Boccalero, da wasu masu zane suka fara aiki a garejin mota, abin da ya zama cibiyar Self Help Graphics. Suka sami mota suka cika ta da kayan zane da na ɗab'i suna bin makarantu da lunguna suna koya wa yara. Suna cikin na farko da suka farfaɗo da bikin tunawa da mamata na Meziko a Amurka, suka tsayar da shi kowace shekara a farkon Nuwamba, har ya zama abin da birane da yawa ke yi yanzu. A Shikago malaman makaranta ne suka jagoranci kafa gidan tarihin fasahar Meziko da aka buɗe a 1987 a unguwar Pilsen, a tsakiyar mutanen da abin ya shafa, kuma shiga kyauta ne. A Teksas kiɗan mariyaci, wanda a da na biki ne da gidajen abinci, ya shiga makarantun gwamnati a matsayin darasi, da malami da gasa tsakanin makarantu.

Bikin mamata ba namu ba ne, kuma babu mai cewa a kwaso shi. Abin ɗauka shi ne tsarin: rana tsayayya da kowa ya sani, wuri a cikin unguwa, yara a sahun gaba, da mallakar da ta tsaya a hannun mutanen gari. Labarin Delano kuwa yana taɓa ni ta wani wuri na daban. A nan ƙasarmu aka gina madatsar Bakolori, aka kammala ta a 1978, aka tashi garuruwa, aka karɓe gonaki, manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Masana sun rubuta wannan labari da Turanci, ana karanta shi a jami'o'in Turai. Jikokin waɗanda aka harba, masu noman shinkafa a bakin magudanan ruwan yau, sun cancanci su ji shi da harshensu, a waƙe ko a wasan kwaikwayo, daga bakin 'yan garinsu, tun sauran waɗanda suka gani da ido suna da rai.

Na san abin da za a fara cewa: addini. Ba magana ce ta wasa ba, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. A Gusau aka ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, kuma ɗan Bakura ne ya yi hakan. Malaman jihadi ma sun tsananta a kan kiɗan shashanci da cuɗanyar maza da mata. Amma tarihin nan guda ya nuna mana wani abu. Shehu Usmanu ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma waƙa tana cikin manyan hanyoyin da shi da almajiransa suka isar da ilimi ga wanda bai iya Larabci ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: jagororin mata da ake kira jaji suna zuwa daga ƙauyuka su haddace waƙoƙin tauhidi da tarihi da ladabi, su koma su koya wa mata a gidajensu. In ana neman misalin shirin fasaha na al'umma da ya yi shekara fiye da ɗari yana tafiya ba da kasafin gwamnati ba, ga shi nan a gidanmu. Fadar Sarkin Musulmi kanta ta riƙe Salihu Jankiɗi a matsayin Sarkin Taushi. Don haka akwai fili mai faɗi tsakanin gidan gala da haramta komai, kuma malaman garuruwan nan sun isa su zauna da iyaye su shata iyakarsa: da rana, maza a gefensu, mata a nasu, babu batsa, babu zambon cin mutunci, a tashi in an kira salla. Gara a sa malamai a cikin kwamitin tun ranar farko, da a yi abu a bayan idonsu su ji shi a bakin masu tsegumi.

Magana ta biyu ta fi nauyi: ana kashe mutane, kai kana zancen kotso? Wanda aka sace masa ɗa yana da haƙƙin ya yi mini wannan tambaya, kuma ba zan ce masa waƙa tana tare harsashi ba. Abin da zan ce shi ne filin da muka bari wasu sun shige shi. Akwai waƙoƙin yabon manyan 'yan bindiga da ke yawo daga waya zuwa waya, da salon kirarin da aka saba yi wa mazaje da sarakuna, kuma yara suna haddace su. Meziko ta san wannan ciwo. Tsohuwar waƙarsu ta ba da labari, korido, ta rikiɗe a bakin wasu ta zama yabon fataken miyagun ƙwayoyi. Wasu jihohi da birane sun hana rera irinta a taro, hanin bai kashe ta ba, har a 2025 gwamnatin Claudia Sheinbaum ta buɗe gasar waƙa ta matasa don a ba su wani abin rerawa da wani dandalin yin suna. Birnin Medelin na Kolombiya, inda aka kashe mutum fiye da 6,000 a 1991 kaɗai, ya kafa jerin makarantun kiɗa na kyauta a unguwannin talakawa tun 1996, lokacin wutar ba ta gama mutuwa ba. Ba makarantun ne suka kawo ƙarshen kisan ba, abubuwa da yawa ne suka haɗu. Amma mutanen birnin ba su yarda a ce sai an sami zaman lafiya sannan za a ba yaro abin yi da la'asar ba. Yaro mai murya da ƙwaƙwalwar haddar kirari zai yi amfani da baiwarsa ko ta wace hanya, kuma wanda ya fara ba shi daraja shi zai yi wa waƙa.

Gwamnati fa? Tana da rawar takawa, amma ina tsoron a miƙa mata ragamar. Mun ga yadda bukukuwan gwamnati suke: a tara 'yan rawa mako biyu kafin bikin al'adu na ƙasa, a ɗinka musu anko, a kai su wata jiha, a dawo a sallame su sai baɗi. Ko bikin kamun kifi na Argungu, da ya samo asali tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2016, sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. Babban biki yana buƙatar babban kuɗi da manyan baƙi da rundunar tsaro, kuma cikin ukun nan ko ɗaya ya ɓace an fasa. Abin da zai jure halin da muke ciki ƙarami ne, mai arha, wanda in gari ɗaya ya kasa a bana, maƙwabcinsa zai yi.

Ga yadda nake hango shi. Bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu kuma hannun manomi ya ɗan yi nauyi, kowane gari cikin ukun ya ɗauki yini guda, a filin makarantar firamare da ke tsakiyar gari, daga hantsi zuwa la'asar, kowa ya koma gida da sauran rana. A Talata Mafara ana iya jingina shi da ranar kasuwa, tun da jama'ar ƙauyuka sun riga sun shigo. Amma yinin nan shi ne ƙarshen aiki. Farkonsa shi ne watannin da suka gabace shi, inda tsohon ɗan amshi zai zauna da yara goma sau biyu a mako a ƙofar gidansa ko a wani aji, a biya shi abin da zai sayi cefane, a kira shi malam, domin malamin ne. Haka tsohuwar da ta san waƙoƙin niƙa da na raino za ta zauna da 'yan mata a cikin gida. Haka masassaƙin da ya san icen da ke ba da murya, da majemin da ya san fatar da ta dace da kotso, domin ranar da aka rasa mai haɗa ganga, iya waƙa ba zai wadatar ba. Marubuta waƙoƙin addini da na faɗakarwa su ma su sami zamansu, a yi gasar yara kan waƙar da ta ba da tarihin garinsu. 'Yan gudun hijira da ke cikin gari a ba su wuri da sunan ƙauyukansu, ba a matsayin 'yan kallo ba.

Kuɗin wannan bai fi ƙarfin mutanen yankin ba. Akwai ƙungiyoyin manoman rani na Bakolori, akwai 'yan kasuwa, akwai 'ya'yan garuruwan da ke aiki a Abuja da Legas da Kano, waɗanda ke tura waƙar Sa'idu Faru a WhatsApp suna cewa Allah ya jiƙan maza. Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun ko ba su da baitulmalin da, suna da abin da kuɗi ba ya saye: in sarki ya zo ya zauna ya saurari ɗan talaka yana buga kotso, ya sa masa albarka a gaban jama'a, gorin roƙo ya ragu da rabi. Sharaɗi ɗaya nake ganin ba a sassauta shi: kada a liƙa hoton ɗan takara, kada a yi wa mai riƙe da muƙami waƙa a wannan fili. Ranar da aka yi haka, rabin gari zai ƙaurace, sauran rabin kuma zai watse ranar da ubangidan ya faɗi zaɓe.

Talata Mafara tana da kwalejin fasaha ta Abdu Gusau, tana da jami'ar jiha. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa sun yi shekaru suna tattara tarihin makaɗan nan da matanin waƙoƙinsu, kuma aikinsu ya ceci abu mai yawa. Sai dai faifai da littafi kamar iri ne a rumbu, in aka daɗe ba a fitar da shi an shuka ba, ƙwayar tana nan amma ba ta tsira. Ɗaliban manyan makarantun nan su ne ya kamata su zama hannun shirin: su ɗauki muryar tsofaffin 'yan amshi da wayoyinsu, su tambaye su wa ya ƙara wace ɗiya, a wane gari, a gaban wane sarki, su rubuta, su ajiye kwafi a makaranta da fada da gidan mai waƙar. Ɗanƙwairo ya cika shekara fiye da talatin da rasuwa, Sa'idu Faru ya kusa arba'in. Wanda ya tsaya a bayansu yana saurayi yanzu dattijo ne, kuma kowace damina ana rage su.

Tsofaffin faya-fayen da aka ɗauka a zamaninsu suna gidajen rediyo na Kaduna da Sakkwato da ɗakunan ajiyar jami'o'i, wasu kuma a hannun masu sayar da waƙoƙi a kasuwa, ana tura su a waya ba da sanin magada ba. Aikin farko na kwamitin kowane gari shi ne ya rubuta wa waɗannan wurare takarda da sa hannun sarki ya nemi kwafi mai kyau, sannan ya zauna da iyalan makaɗan a yi yarjejeniya a rubuce kan abin da za a koyar, da abin da za a sayar, da kason da zai koma gidan da waƙar ta fito.